Ciwon gaɓar muƙamuƙi: Abin da ke kawo shi da yadda ake shawo kansa

A lokacin Babbar Sallah, gidaje da dama a Daura kan shafe kwanaki ana fama da soyayyen nama, wanda yake ƙara tauri kullum. Ga goro da ake rabawa a kowane ɗaurin aure da suna, ga kuma rake da aya da ƙuli-ƙuli da ake samu a kowace kasuwa, daga Mai'aduwa zuwa Ɓaure.

Dukkan wannan aiki na tauna yana rataye ne a kan wasu ƙananan gaɓoɓi guda biyu da ke gaban kunnuwa, waɗanda mutane ƙalilan ne suka san da zamansu, sai ranar da suka fara ciwo.

Idan ciwon ya zo, yakan yi shigar burtu. Wani ya ɗauka kunne ne, ya yi ta ɗiga magani. Wani ya ɗauka haƙori ne, har ya kai ga an cire masa lafiyayyen haƙori, amma ciwon yana nan daram.

Masana sun ce mafi yawan masu wannan lalura suna samun sauƙi da matakai marasa tsada da za a iya ɗauka a gida. Sai dai akwai wasu 'yan alamomi da ba a jira da su, kuma sanin bambancin shi ne abin da ya fi muhimmanci.

Yadda gaɓar take aiki

Duk wanda ya ɗora yatsa a gaban ƙofar kunnensa, sannan ya buɗe baki ya rufe, zai ji wani ɗan ƙashi yana motsi a ƙarƙashin fata. Wannan shi ne kan ƙashin muƙamuƙi na ƙasa, a inda ya haɗu da ƙoƙon kai. Likitoci na taƙaita sunan gaɓar da haruffa uku, wato TMJ.

Gaɓar ta sha bamban da irin su gwiwa ko gwiwar hannu. Da farko kan ƙashin yana juyawa ne kamar yadda ƙyaure ke juyawa, amma idan aka ƙara buɗe bakin sai ya zame gaba gaba ɗaya.

A tsakanin ƙasusuwan biyu akwai wani ɗan faifai mai kama da guringuntsi, wanda ke zama matashi, yana kuma bin kan ƙashin duk inda ya nufa.

Haka kuma gaɓoɓin biyu, na dama da na hagu, a kan ƙashi ɗaya suke, don haka ɗaya ba ta motsi sai da ɗaya. Tsokokin da ke jan su suna a kumatu da gefen kai, abin da ya sa ciwon yakan bazu zuwa kai da wuya.

Babban mutum mai lafiya yana iya buɗe baki kimanin milimita 40 ko fiye, wato gwargwadon yatsunsa uku a jere tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa.

Lalurori ne da dama

Wani rahoto da cibiyoyin kimiyya da likitanci na ƙasar Amurka suka fitar a 2020 ya bayyana cewa sunan ya ƙunshi lalurori fiye da 30. Amma ana iya kasa su gida uku.

Kashi na farko, wanda kuma ya fi yawa, shi ne ciwon tsokokin tauna. A nan gaɓar lafiyarta lau, tsokar ce ta gaji, kamar yadda ƙafa kan yi tsami bayan doguwar tafiya.

Na biyu shi ne zamewar faifan nan daga mazauninsa. Shi ke sa a ji ƙara "ƙas" idan an buɗe baki, wani lokaci kuma ya tokare ƙashin, bakin ya ƙi buɗuwa sosai.

Na uku shi ne amosanin gaɓa, inda fuskar ƙashin ke zaizayewa, a riƙa jin gurzawa kamar akwai yashi a ciki.

Ƙiyasin da aka daɗe ana amfani da shi a Amurka ya nuna cewa tsakanin kashi 5 zuwa 12 cikin ɗari na jama'a ne ke fama da ɗaya daga cikin waɗannan lalurori. Mata sun ninka maza wajen kamuwa, kuma ba ciwon tsufa ba ne kawai, domin an fi ganin sa a tsakanin matasa da masu matsakaicin shekaru.

Alamomin da ake gani

Babbar alama ita ce ciwo a gaban kunne ko a kunci, wanda ke ƙaruwa idan ana tauna, ko hamma, ko doguwar magana.

Wasu kan wayi gari muƙamuƙinsu ya yi tsami, tare da ciwon kai a gefe ɗaya ko duka biyun. Wasu kuma kan ji kunne ya toshe ko yana ƙugi, alhali idan likita ya leƙa ba zai ga komai ba.

Dalilin wannan ruɗani shi ne kusanci. Siririn ƙashi ne kawai ya raba gaɓar da ramin kunne, sannan babbar jijiya ɗaya ce ke kai saƙon ciwo daga gaɓar da haƙora da wani sashe na kunne zuwa ƙwaƙwalwa.

Akwai hanya mai sauƙi ta fara rarrabewa. Ciwon haƙori yakan tashi ne idan an sha ruwan sanyi ko shayi mai zafi ko abu mai zaƙi. Ciwon kunne na ƙwayoyin cuta yakan zo da zazzaɓi ko ruwa ko raguwar ji. Shi kuwa ciwon gaɓa da motsin baki yake tafiya, kuma idan aka danna gaban kunne ko tsokar kunci sai a ji shi ya motsa.

Ƙara kaɗai, ba tare da ciwo ko maƙalewa ba, abu ne da ke faruwa ga ɗimbin mutane masu lafiya, kuma ba ta buƙatar magani.

Abubuwan da ke haddasa shi

A 1934 wani likitan kunne a birnin St. Louis na Amurka, James Costen, ya danganta lalurar da faɗuwar haƙoran baya da kuma rashin daidaiton cizo. Wannan ra'ayi ya yi tasiri na shekaru masu yawa, inda aka yi ta goge haƙoran mutane da sake musu zama domin neman waraka.

A yau bincike ya nuna cewa rawar da zaman haƙora ke takawa ba ta taka kara ta karya ba. Abin da aka fi yarda da shi shi ne abubuwa da yawa ne ke haɗuwa.

Na ɗaya shi ne datse haƙora. Idan mutum yana hutawa, leɓɓansa ne ya kamata su haɗu, haƙoran sama da na ƙasa kuma su ɗan rabu. Amma mutane da dama suna wuni da haƙora a datse ba tare da sun sani ba, musamman a lokacin tuƙi, ko lissafi, ko ɓacin rai.

Wasu kuma cikin barci suke cizon haƙora, har wanda ke kwance kusa da su ya ji ƙarar. Sau da yawa miji ko mata ne ke fara lura kafin mai abin.

Damuwa da ƙarancin barci na ƙara wannan ɗabi'a, sannan suna sa jiki ya fi jin zafin ciwo. Magidancin da nauyin iyali ya sha masa kai, ko ɗalibar da ke fuskantar jarrabawa, duk suna iya ganin ciwon ya tashi a daidai wannan lokaci.

Na biyu shi ne yawan aiki. Wanda ke wuni da goro ko cingam a baki bai bai wa tsokar damar hutawa ba. Ban da haka, goro na ɗauke da sinadarin da ke cikin gahawa mai hana barci, don haka cin sa da yamma na iya dagula barcin da ake buƙata.

Haka nan buɗe kwalba da haƙori, da fasa ƙashi, da gatsar goruba, da maƙale wayar salula tsakanin kunne da kafaɗa, da yawan yin tagumi, duk suna ɗora wa gaɓar nauyin da ba nata ba.

Na uku shi ne rauni, kamar naushi, ko haɗarin babur, ko faɗuwa daga kan doki a lokacin hawan Sallah ko Sallar Gani. Idan haɓa ta bugi ƙasa, ƙarfin bugun yana bin ƙashi ne ya tafi kai tsaye zuwa gaban kunne.

Gocewar muƙamuƙi

Akwai wani yanayi da ke tayar da hankali ƙwarai, inda mutum zai yi hamma ko dariya, bakin ya tsaya a buɗe ya ƙi rufuwa, miyau na zuba, magana ba ta fita sosai.

A wasu gidaje nan take ake cewa iska ce ta taɓa shi. Abin da ya faru shi ne kan ƙashin ya zame gaba fiye da ƙima, ya haye wani ɗan tudu na ƙashi da ke gabansa, tsoka kuma ta ɗaure ta hana shi komawa.

Wannan matsala tsohuwa ce a tarihin likitanci. An bayyana yadda ake mayar da muƙamuƙin da ya goce a wata takardar likitanci ta tsohuwar Masar da aka rubuta kimanin shekara 3,600 da suka wuce. Shahararren likitan nan na Andalus, Abul Ƙasim az-Zahrawi, wanda ya rasu a wajejen 1013, shi ma ya yi bayanin ta a littafinsa na tiyata.

Idan aka je asibiti da wuri, ma'aikacin lafiya da ya san aikin yana iya mayar da shi da hannu cikin 'yan mintoci. Idan kuwa aka bari ya yi makonni, to sai an sa mutum barci, wani lokaci ma sai an yi tiyata.

Bai kamata a doki haɓar ko a tilasta rufe bakin da ƙarfi ba, domin hakan na iya karya wuyan ƙashin.

Ladabin da Musulunci ya koyar na danne hamma gwargwadon iko da sa hannu a baki yana da amfani a nan. Likitoci ma na shawartar masu yawan gocewa da su tallafi haɓa da hannu a duk lokacin da hamma ta zo.

Abin da za a yi a gida

Ga wanda ciwonsa bai zo da wata alamar haɗari ba, matakin farko shi ne hutar da gaɓar na mako biyu zuwa uku.

A koma ga abinci mai laushi kamar kunu, da fura da nono, da tuwo, da fate, da alala, da ƙwai, da kifi. A ajiye kilishi da tsire da rake da gasasshiyar masara zuwa wani lokaci. Nama a yanka shi ƙanana, a dafa shi ya yi lugub.

Wanda ba zai iya rabuwa da goro ba, sai ya rage, ya kuma yi koyi da tsofaffi wajen goga shi a magogi.

Gashi da tsumma mai ɗumi na minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a rana, yana sassauta tsoka. Ana kuma iya murza kunci da gefen kai a hankali da kan yatsu.

Sai kuma lura da kai. Duk lokacin da mutum ya tuna, ya duba ko haƙoransa a datse suke, ya saki. Ana iya ɗaura wannan da wani abu da ake yi a kai a kai, kamar bayan kowace alwala, har ya zama jiki.

Akwai atisaye mai sauƙi: a ɗora kan harshe a ganɗa, bayan haƙoran gaba na sama, sannan a buɗe baki a rufe a hankali ba tare da harshen ya ɗaga ba. Hutar da gaɓa ba ya nufin daina motsa ta, domin hakan na sa ta ƙage.

Magungunan rage zafi irin su farasitamol da ibuprofen na taimakawa na ɗan gajeren lokaci. Amma masu gyambon ciki, da masu ciwon ƙoda, da masu hawan jini, da mata masu juna biyu, su nemi shawarar ma'aikacin lafiya kafin su sha ibuprofen ko diclofenac.

Tramadol da makamantansa ba maganin wannan ciwo ba ne. Suna ɓoye zafin na ɗan lokaci, su bar mutum da jaraba da ta fi ciwon muni.

Abin da ya kamata a guje wa

Ƙa'idar da masana suka yi ittifaƙi a kai ita ce a fara da abin da za a iya warwarewa. Haƙorin da aka cire ko aka goge ba ya dawowa.

A watan Disamba na 2023 mujallar likitanci ta BMJ da ke Birtaniya ta wallafa wata jagora kan ciwon muƙamuƙi da ya wuce wata uku. Ta ba da ƙarfi ga atisayen muƙamuƙi ƙarƙashin kulawar ƙwararre, da tausar tsoka, da gyaran yadda ake riƙe wuya da kafaɗa, da koya wa mutum dabarun sarrafa damuwa da ciwo.

Jagorar ta yi gargaɗi mai ƙarfi kan cire faifan gaɓar ta hanyar tiyata, da kuma sa wa mutum abin da zai sauya zaman haƙoransa har abada.

Game da robar da ake sa wa haƙora da dare, tana kare su daga zaizayewa ga masu cizon haƙora, amma hujjar cewa tana warkar da ciwon kanta ba ta da ƙarfi.

A ɓangaren gargajiya, wanzamai da maɗora na da matsayi a wurin jama'a, kuma su ne na kusa a ƙauyuka da yawa. Sai dai gaban kunne wuri ne mai haɗari ga tsaga ko sakiya, domin jijiyar da ke motsa fuska da kuma manyan hanyoyin jini ta nan suka bi. Rauni a wannan jijiya na iya shanye ɓarin fuska.

Alamomin da ba a jira da su

Ba kowane ciwon muƙamuƙi ba ne na gaɓa, kuma wasu daga cikin masu kama da shi suna kisa.

Idan ciwon ya zo da nauyin ƙirji, ko gumi, ko sarƙewar numfashi, ko ya tashi idan ana tafiya da sauri, yana iya zama daga zuciya.

Idan baki ya fara ƙin buɗuwa kwanaki bayan an taka ƙusa ko an ji wani rauni, wuya kuma ya sandare, ana fargabar cutar titanus mai sarƙe haƙora. Haka nan jaririn da ya fara shan nono lafiya sannan ya kasa kama mama.

Kumburin fuska ko ƙarƙashin haɓa tare da zazzaɓi da wahalar haɗiya alama ce ta mugunyar haƙori da ta bazu, wadda ke iya toshe maƙogwaro.

Wanda ya haura shekara 50, ya sami sabon ciwon kai a gefe, muƙamuƙinsa na gajiya idan yana tauna, ganinsa kuma ya fara dusashewa, ya garzaya asibiti a ranar, domin kumburin jijiyar jini ne da ke iya makantarwa.

Kumburin ƙashin muƙamuƙi da ke girma a hankali, ko mutuwar leɓe, ko haƙora su fara girgiɗi ba dalili, na iya zama ƙari.

Yara da maƙalewar baki

Matsalar da ta fi tsanani a arewacin Nijeriya ita ce mannewar gaɓar gaba ɗaya, inda ƙashin muƙamuƙi ke haɗewa da ƙoƙon kai ko tabo ya ɗaure shi.

Likitocin yankin sun daɗe da sanin ta. Tun a 1983 wani likitan tiyatar baki da fuska na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, E. O. Adekeye, ya wallafa nazari a kan mutum 76 masu wannan lalura.

Sau da yawa abin yakan fara ne da faɗuwa. Yaro ya faɗo daga bishiya ko katanga, haɓarsa ta tsage, a ɗinke fatar a koma gida, ba a san kan ƙashin ya karye a gaban kunne ba. Bayan watanni sai a ga bakin yana raguwa, har ya kai cokali ba ya shiga.

Tun da daga wannan wuri ne ƙashin muƙamuƙi ke samun yawancin girmansa, yaron kan tashi da ƙaramar haɓa ko karkatacciyar fuska, ga wahalar cin abinci da wanke baki.

Ciwon kunne mai mugunya da aka yi sakaci da shi na iya jawo haka. Haka ita ma cutar noma mai zaizayar baki, wadda ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu fama da tamowa. Tana farawa da gyambo a dasashi, kuma ana iya tsayar da ita da magani idan an gano da wuri.

Tun 1999 akwai asibiti na musamman a Sakkwato domin yaran da noma ta kama, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar a jerin cututtukan yankuna masu zafi da aka yi watsi da su.

Shawarar da ake bai wa iyaye ita ce duk yaron da ya bugi haɓa a duba yadda yake buɗe baki da yadda haƙoransa ke haɗuwa, a ci gaba da lura har tsawon watanni.

Inda za a nufa

Idan mako biyu zuwa uku suka wuce babu sauƙi, ko bakin ba ya ɗaukar yatsu biyu, to lokacin ganin likita ya yi. Likitan haƙori shi ne ya fi dacewa, domin zai fara tabbatar da cewa ba ruɓaɓɓen haƙori ba ne.

Yawanci tambayoyi da dubawa da hannu sun isa a gane lalurar. Hoton ƙashi yana zama dole ne idan an yi rauni, ko akwai kumburi, ko ciwon ya ƙi jin magani.

Mazauna ƙananan hukumomi biyar na masarautar, wato Daura da Ɓaure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango, za su iya farawa da asibitin da ya fi kusa da su. A cikin garin Daura, baya ga asibitocin gwamnati da aka sani, akwai na rundunar sojin sama da aka buɗe a 2019.

Matsalolin da ke buƙatar ƙwararrun tiyatar baki da fuska akan tura su ne zuwa manyan asibitocin koyarwa, kamar na tarayya da ke Katsina, mai nisan kimanin kilomita 80 daga Daura, ko na Malam Aminu Kano da ke Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya.

Zai taimaka wa likita idan mara lafiya ya je da bayanin lokacin da ciwon ya fara, da abin da ke tayar da shi, da duk wani rauni da ya taɓa ji a fuska ko da tun yana yaro ne, da kuma jerin magungunan da ya riga ya sha.